Lamba ba ta bin rubutu

Yaro, ka ce a manhajar gyara rubutu ka ajiye lambar inda sandar rubutu (cursor) take, harafi na 1500, ka ƙara layi a sama, da ka koma sai ka faɗa tsakiyar wata kalma. To me ka zata? Ka cusa haruffa 40, wurinka ya koma 1540, ita kuwa lambar tana nan inda ka bar ta.

A kan irin wannan aka ci mini kuɗi, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Wani mai kamfani na yi wa ɗan shiri a Emacs, wata manhajar gyara rubutu, shirin da ke cike sunaye da kwanan wata a takardun kwangila. Kowane gurbi na sa masa alama da umarnin copy-marker, alamar da ke matsawa da kanta in an ƙara ko an goge wani abu a samanta. Abu na tafiya sumul. Don kada ya biya ni kuɗin ƙari, sai ya nemo wani matashi mai arha. Shi kuma ya ga alamomin nan wahala ce, ya mai da su lambobi, yana cikewa daga sama zuwa ƙasa. Gurbin farko daidai, na biyu ya ɗan goce, kafin a kai ƙarshen shafi sunan mai saye ya shige cikin sharaɗin biya. Haka aka buga aka tura. Mutumin ya kira ni yana kumfar baki, wai aikina ne. Na buɗe fayil ɗin a gabansa na nuna masa layin da aka canza. Ya gani, ya kau da kai, ragowar kuɗina ya bi ruwa.

Ku yaran yanzu kwafowa kuka iya, ba ku tambayar dalili.

Ka yi amfani da alama. In ka gama da ita ka sake ta da umarnin set-marker zuwa nil, wato babu, don in alamomin sun taru kowane gyara sai an bi su ɗaya bayan ɗaya, aiki ya yi nauyi. A Vim kuwa, wata manhajar gyara rubutu, danna m sannan a ke sa alama, danna ' sannan a ke mai da kai layin, amma ka goge layin alamar ta tafi. In dole sai da lamba, fara gyara daga ƙasa ka yi sama. Sauran kada ka tambaye ni, je ka gwada.