Bakanike ya canza famfon mai mota bata gyaru ba, shin sai na biya shi, kuma wa zan kai wa yanzu?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ina da Corolla da nake neman abinci da ita a nan Kano, ta fara min fizga in na taka ta, wani lokaci ta shaƙe ta mutu a tsakiyar titi, da safe kuma sai an sha wahala take tashi. Na kai wa wani bakanike da muke sallah masallaci ɗaya yace famfon mai ne, na bashi kuɗi ya je Ƙofar Ruwa ya siyo yace min ɗan Beljiyam ne mai kyau, ya saka amma har yau tana nan yadda take, daga baya na ji ashe ƙaramin ya siyo ya ɗora nasa akai, tsohon famfon ma bai bani ba. Yanzu yana bina kuɗin aiki. Shin dole na biya? Sannan an min kwatancen wani da ya ƙware a injekta amma ba musulmi bane, ya halatta na kai masa? Kuma in na faɗa wa abokan sana'ata abinda ya faru nayi giba?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan uwa Allah ya mayar maka da alheri, mutum yana fafutukar abincin iyalinsa da mota ɗaya a wannan tsadar mai da ake ciki tun da aka cire tallafi a 2023, a riƙa wasa da ita, abin akwai ciwo.

Bari mu fara da kuɗin kayan domin nan ne hukuncin yafi fitowa fili. Lokacin da ka miƙa masa kuɗi kace je ka siyo, ya zama wakilinka, shi kuma wakili amintacce ne, abinda ya rage naka ne ko naira ɗaya ce. Annabi (SAW) ya baiwa Urwatul Bariƙi dinari ɗaya ya siyo masa akuya, ya siyo biyu ya sayar da ɗaya, ya dawo da akuyar da dinarin gaba ɗaya, hadisin yana Bukhari. Toh kaga ribar da ya samo da wayonsa ma ya kawo ta, balle rarar kuɗi. Da ace ya fito maka a mutum yace ni nake sayar maka da famfon nan kuɗi kaza, wannan ciniki ne ribarsa halal ce. Amma ya siyo ƙarami yace maka ɗan Beljiyam ne, wannan ha'inci ne, kuma hadisin Muslim yace wanda ya ha'ince mu baya tare da mu. In abin ya tabbata sai ya dawo maka da rarar, kuma kana da damar mayar masa da kayan ka karɓi kuɗinka cikakke. Na ce in ya tabbata, domin kai ma ji kayi, ka je shagon ka tambaya tukuna kafin ka ɗora masa.

Tsohon famfon ma naka ne. Sai dai in kai ka bar masa da bakinka.

Kuɗin aiki kuwa ya danganta da yadda kuka yi magana tun farko. In cewa kayi cire wannan ka saka wannan, ya cire ya saka, wannan ijara ce ya ci ladan aikinsa ko mota ta gyaru ko bata gyaru ba. In kuwa maganarku itace gyara min matsalar nan in biya ka kaza, wannan ji'ala ce irin ta Suratu Yusuf aya ta 72, babu lada sai buƙata ta biya. Yadda ka kawo labarin, shi ya yanke cewa famfo ne, kai matsala ka kai masa, don haka abinda nake gani baka da wajibcin biyansa har sai motar ta tashi lafiya. Sai kuma a duba ta ina ya gane famfon ne. Alamomin da ka lissafa famfo yana kawo su, amma filta in ta toshe tana kawo su, nozul masu fesa mai cikin inji in sun yi datti suna kawo su, rile mai sakar wa famfon wuta ko waya mai sako-sako, ruwa ko laka a tanki daga man 'yan bumburutu, har fulogi ma. Mutane basu manta gurɓataccen fetur ɗin nan mai sinadarin metanol da aka shigo da shi a farkon shekarar 2022 ba, motoci nawa ya lalata. Ƙwararre zai auna ƙarfin man da famfo ke turowa, ya saka kwamfuta ya karanta, ya duba fiyus, kafin yace ka kashe kuɗi. Wanda ya tsallake wannan duka ya yi ta canke da aljihunka yayi sakaci, kuma malamai suna kafa hujja da hadisin Abu Dawud cewa wanda ya yi likitanci alhali ba a san shi da shi ba, ramuwa na kansa. Haka duk mai sana'a yake.

A mazhabarmu ta Malikiyya ma an ƙara tsanantawa, Risala ta Ibnu Abi Zaid tace masu sana'a suna lamunin abinda suka keɓanta da shi, da lada suka yi aikin ko kyauta. Wato motarka in ta kwana a gareji aka wayi gari an zuƙe mai, ko an musanya batir ko famfo, shi zai biya sai in ya kawo shaida cewa ba sakacinsa bane. Malamai sun yi haka ne don tsare dukiyar jama'a, tunda dole ce take sa mutum ya bar kayansa a hannun wani ya tafi gida.

Batun wanda ba musulmi ba, ya halatta babu ko shakka. Ranar hijira, tafiyar da rayuwar Annabi (SAW) take cikin haɗari, shi da Abubakar sun ɗauki wani mutumin Banu Dil ɗan jagora yana kan addinin Ƙuraishawa, suka bashi raƙumansu biyu, saboda ya san hanya kuma sun amince da shi. Ma'aunin da Alƙur'ani ya ajiye a Suratul Ƙasas aya ta 26 shine mafi alherin wanda zaka ɗauka aiki mai ƙarfi amintacce, ƙarfi a nan iya aikin ne. In ka samu musulmi da ya haɗa biyun shi yafi cancanta ka taimaki ɗan uwanka, in baka samu ba kar ka kashe sana'arka saboda kara. An ruwaito Sayyidina Umar ya tambayi wani da yazo yabon mutum, kayi maƙwabtaka da shi, kun yi tafiya tare, kun yi hulɗar kuɗi, da yace a'a sai yace toh baka san shi ba. Ganin mutum a sahu alheri ne muna masa kyakkyawan zato, amma bai nuna maka ya san injekta ba.

Don haka kafin ka miƙa mukulli tambayi direbobin da suka daɗe suna kai masa irin motarka, su ne suka yi hulɗar kuɗi da shi. Ka lura ko yana aunawa kafin yayi magana, ko yana yarda ka tsaya a wajen, ko yana iya cewa wannan ba ɓangarena bane kai wa rewaya, mai faɗin haka riƙe shi da kyau. Ku yanke kuɗin aiki daban na kaya daban tun kafin a kwance ƙusa ɗaya, ka bishi kasuwa ko ya kawo rasit, tsohon kaya a saka maka a but, kuma ku ajiye magana akan in matsalar ta dawo cikin kwana kaza wa zai ɗauka. Kai ma akwai naka, ka daina yawo da ita tanki a ƙasa domin man ne yake sanyaya famfon, kuma in yayi aiki mai kyau ka biya shi nan take kar ka ja masa rai, hadisin Ibnu Majah yace a baiwa ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe.

Maganar giba, wanda yazo neman shawararka zai kai wa bakaniken nan mota faɗa masa abinda ka tabbatar, wannan nasiha ce, Annabi (SAW) ya faɗa wa Fatima bint Ƙais aibin waɗanda suka nemi aurenta da ta nemi shawara. Amma iya abinda ya faru, ban da ƙari, ban da yaɗa shi a majalisa ko Facebook don huce haushi. Ka fara samun bakaniken ku biyu, in yaƙi ka kai wa shugaban kanikawan garejin ko limaminku, in abin ya gagara kotu tana nan.

Wallahu a'alam.