Tambaya da Amsa: Na canza sunayensu, shin asirinsu ya rufu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Nima, Accra. Ni da ƙawayena mun tattara labaran mutum shida daga zangonmu, maza masu son maza da mata masu son mata, waɗanda suka yarda a rubuta rayuwarsu don kada ta ɓace. Muna so mu haɗa 'yar mujalla ta hannu, kwafi talatin kacal. Na canza sunan kowa, amma hankalina ya ƙi kwanciya. Shin hakan ya wadatar?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. A'a, bai wadatar ba, kuma gara da kika tambaya kafin takarda ta fita.

Wannan magana ta "ai mun canza suna" ita ce ta fi ba ni wahala a aikin adana labarai. Kullum sai na ji ta, har daga bakin waɗanda suka je taron horaswa suka dawo da takardar shaida. Wallahi ta ishe ni. A zango wa ake ganewa da suna? Abdullahi nawa ne tsakanin Nima da Maamobi? Da sana'a ake gane mutum, da gidansu, da abin da ya faru da shi shekaran jiya. Ki kira shi Musa ko Garba, muddin kin bar cewa tela ne, yana ɗingishi, uwarsa na sayar da waakye a bakin tasha, to kin rubuta sunansa da manyan baƙaƙe.

Na taɓa duba wani rubutu kafin a buga shi. An canza suna, an canza shekaru, amma an bar cewa mai labarin ya dawo daga Libiya ana saura kwana biyu Sallah, aka yi masa walima a ƙofar gida. Na tambayi marubucin: mutum nawa aka yi wa wannan walima a layinku? Sai ya yi shiru. Jimla ɗaya ce, kuma ita ce ta fi daɗi a labarin. Haka muka cire ta.

Kin san yanayin da ake ciki. Sashe na 104 na dokar laifuffuka ta Ghana ta 1960, wanda ya haramta saduwar namiji da namiji, yana nan daram. A watan Mayun 2021 an kama mutum 21 a garin Ho suna tsakiyar taron bita kan haƙƙin masu son jinsinsu. Ranar 28 ga Fabrairun 2024 majalisa ta amince da ƙudurin da ke hukunta har masu yaɗa irin wannan batu, duk da cewa shugaban ƙasa na lokacin, Akufo-Addo, ya sauka bai sa hannu ba. Amma kafin a kai ga kotu akwai mai gidan haya, akwai kawu, akwai ɗan unguwa da zai ce a ba shi kuɗi ko ya tona. Su ne za su riga kowa karantawa, kuma sun san lungu da saƙo.

Saboda haka ki canza sana'a, ki canza unguwa, ki canza yawan 'yan'uwa. Abin da ya ji a ransa kawai za ki bari yadda yake. Sannan ki zauna da kowanne ki karanta masa da baki, ki tambaye shi ko babbar yayarsa za ta gane shi. In ya yi jim, a sake gyarawa. In ya ce ya fasa, ko da daren bugawa ne, a cire ba gardama. Labarinsa ne, amana ya ba ki.

Kada ki rubuta da hannunki, don malamin makarantarku ma zai shaida rubutun. Hoto kuma ki bar shi gaba ɗaya, domin rufe fuska ba ya ɓoye labule ko tabon hannu, kuma hoton waya kan ɗauki bayanin wurin da aka ɗauke shi. Kada ki tura wa mai shagon fotokofi ta WhatsApp, zai zauna a wayarsa da kwamfutarsa. Ki tafi da takardar, ki tsaya a kan na'urar, ki kwashe har waɗanda suka lalace.

Takarda ɗaya ta A4, in an naɗe ta aka tsaga tsakiya, tana ba da shafi takwas ba tare da ƙusa ba. Hakan ya fi, don danshin Accra yana sa ƙarfe tsatsa ya ci takarda. Muryoyin da kika naɗa kuwa ki goge su daga waya da zarar kin gama kwafewa.