Me ya sa Gabas ta Tsakiya ta tsere wa Afirka a kuɗin yawon buɗe ido?

Tambaya: Na ji an ce Gabas ta Tsakiya ce ta fi ko'ina haɓaka wajen kuɗin da baƙi ke kashewa bayan annobar korona. Shin haka ne? Ina matsayin Afirka?

Amsa: Haka ne. A lissafin hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya, baƙin da suka ƙetare iyaka sun kashe kusan dala tiriliyan 1.5 a 2023. Turai ta kwashi kaso mafi tsoka, kimanin dala biliyan 660. Gabas ta Tsakiya ta samu kusan biliyan 137, Afirka kuwa biliyan 38 kacal. Amma idan aka cire hauhawar farashi aka kwatanta da 2019, Gabas ta Tsakiya ta ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku, Afirka ba ta gama komawa inda take ba, Asiya kuma ta yi baya sosai domin Sin ba ta buɗe iyakokinta ba sai farkon 2023.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne yadda ake lissafin. "Ɗan yawon buɗe ido" a nan ba mai shaƙatawa kaɗai ba ne. Maniyyacin da ya tashi daga Kano ko Damagaram zuwa Umara, ɗan kasuwar da ya kwana a Dubai, mara lafiyar da ya je asibiti a Alƙahira, duk kuɗin masauki da abinci da tsarabar da suka saya ana zuba su a wannan asusun. Kuɗin jirgi dai daban ake ƙirga shi. Daga cikin abin da ya taimaka wa haɓakar yankin kuma, Saudiyya ta fara ba da bizar yawon buɗe ido a 2019, Ƙatar ta karɓi gasar cin kofin duniya a 2022.

Sannan hukumar tana sanya Masar a rukunin Gabas ta Tsakiya, ba Afirka ba. Wannan kaɗai ya rage wa nahiyar kuɗi masu yawa a takarda.

Duk da haka giɓin na gaske ne. Baƙon da ya ziyarci ƙasar Afirka, in an raba daidai, bai kai kashe dala 600 ba, na Gabas ta Tsakiya ya haura 1,400. Da yawa daga cikin masu zirga-zirga a Afirka maƙwabta ne da ke sauka gidan dangi, ba otal ba, kuma cinikin da aka yi da kuɗin hannu a kan iyaka ba kasafai yake shiga lissafin babban banki ba.