Tsohuwar i7 ko Matashiyar i5? Amsoshi ga Masu Sayen Kwamfutar Gwanjo

Saƙonnin da suka shigo wannan makon yawancinsu a kan kwamfutar gwanjo ne, irin waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama mora aka sauke mana su. Na tsamo huɗu.

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. Ni ɗalibi ne a Anguwan Rogo, nan Jos. Wata takwas ina tara kuɗi don in sayi kwamfutar tebur, in riƙa buga GTA V da ƙwallo, in kuma yi aikin makaranta. Mai shago ya ajiye min guda biyu, kuɗinsu kusan ɗaya: ɗaya Core i7-2600, ɗaya Core i5-4570. Ya ce ko makaho ya shafa ya san i7 ta fi i5. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Ƙanena, ɗauki i5-4570. Mai shagon bai yi maka ƙarya gaba ɗaya ba, rabin zancen ya faɗa ya haɗiye rabi. Lallai i7 ta fi i5, amma fa idan tsararraki ne. Waɗannan biyun ba tsararraki ba ne.

Ka daina kallon sitikar da aka manna a gaban akwati, ka dubi lambar da ke bayan ɗan layin nan. Lambar farko ita ke nuna zubin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, abin da 'yan kasuwa ke kira "jen". Wato 2600 zubi na biyu ce, ta fito a 2011. Ita kuwa 4570 zubi na huɗu ce, ta 2013. Dukansu ƙwaya huɗu gare su a ciki, wato ƙananan sassan furosesa da ke raba aikin lissafi a tsakaninsu. Abin da i7 ɗin ke taƙama da shi, kowace ƙwayarta tana karɓar aiki ta ƙofa biyu, shi ya sa Windows ke ƙirga mata layi takwas. Da a ce haɗa bidiyo za ka riƙa yi daga safe har dare, da sai in ce ka tsaya ka yi tunani, don a nan tsohuwar tana iya ɗan wuce ƙanwarta. Amma gem irin naka ya fi son ƙwaya mai zafin nama a kan yawan ƙofofi, kuma a nan zubi na huɗu ya fi.

Akwai wani abin kuma da ba a rubuta shi a jikin akwati. Daga zubi na huɗu ne Intel ta fara saka wani tsarin lissafi mai suna AVX2. Wasu sababbin gem idan ba su same shi ba ko buɗewa ba sa yi: ka danna, allo ya yi baƙi, ya dawo da kai inda ka fito. Sannan gurbin da i5-4570 ke zama, LGA1150, yana karɓar i7-4770 da i7-4790. Ran da aljihu ya yi nauyi sai ka zare wannan ka dasa waccan, ba tare da ka sauya madabod, wato babban allon da ake jona duk kayan ciki a kansa, ba.

To amma bari in gaya maka inda gizo ke saƙar. Ko wacce ka ɗauka a cikin biyun, idan babu katin girafik, wato katin da ke zana hoton gem a allo, GTA V zai riƙa ja maka ƙafa kamar akuyar da ake kaiwa kasuwa. Kamfanin da ya yi gem ɗin i5-3470 ya ba da shawara, wadda ma ta girmi taka da shekara ɗaya, don haka ta ɓangaren furosesa ba ka da matsala. Katin shi ne mai ɗaukar kaya. Ka nemi GTX 1050 Ti ko GTX 1650 irin wanda ba ya buƙatar ƙarin wayar wuta, wanda ke shan abin da bai wuce wat 75 ba daga jikin madabod. Wannan yana da muhimmanci, domin fawa-fak ɗin kwamfutocin ofis irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk ƙarami ne, ba don gem aka yi shi ba. Idan kuɗi bai kai ba, GT 1030 zai rage zafi, amma shi ma iri biyu ne, gwargwadon irin memori da ke jikinsa: mai GDDR5 da mai DDR4. Sunansu ɗaya, aikinsu kuwa kamar doki da jaki. Mai GDDR5 za ka nema.

Ka kuma dubi girman akwatin. Siririn nan da ake kwantarwa a kan tebur ba ya ɗaukar cikakken kati, sai gajere, kuma gajeren ya fi wuyar samu. In akwai dogon akwati, shi za ka ɗauka ko da an ɗan ƙara maka kuɗi.

Kar ka yi cinikin biri a sama. Ka sa a kunna maka ita a shagon, ka danna Ctrl da Shift da Esc lokaci ɗaya, ka shiga wajen Performance, sunan furosesar zai fito ɓaro-ɓaro da yawan ƙwayoyinta. Katin kuma ka juya bayansa ka duba. An cika kasuwannin duniya da jabun GTX 1050 Ti, tsofaffin katuna ne aka sauya musu suna. Idan ka ga bakin VGA mai shuɗin nan a jikinsa, ka yi hattara, don na asalin da HDMI da DisplayPort da DVI yake zuwa. Akwai 'yar manhaja ta kyauta, GPU-Z, tana tona asirin da yawa daga cikinsu. Ka je da ita a filash.

Sai batun ƙwallo. In PES 2017 ne da sa'o'insa, za ka buga har ka gaji. In kuwa FIFA 23 kake nufi zuwa sama, mafi ƙarancin abin da suka nema shi ne i5-6600K ko Ryzen 5 1600. Taka za ta iya taɓukawa, amma za ka riƙa jin tana sarƙewa daidai lokacin da ka zo cin gola. In nan zuciyarka take, ka ƙara haƙurin wata biyu ko uku ka nemi i5-8400 mai ƙwaya shida, ko Ryzen 5 2600.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce a Rikkos. Ina son laftof don haɗa jarrabawa, lissafin maki a Excel, da taron Zoom. Ƙanin mijina da ke Abuja ya leƙa Banex ya turo min hoton biyu: i7-7500U da i5-8250U. Shi ya fi karkata ga i7 ɗin.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki ce masa ya sayo i5-8250U, kuma kar ya ji kamar ya rage miki daraja. Wannan harafin U da ke ƙarshe alama ce ta furosesar da aka yi don tattalin batir. Har zuwa zubi na bakwai, irin waɗannan ƙwaya biyu kawai gare su, ko da an rubuta i7 da manyan baƙi. Da aka zo zubi na takwas a 2017 sai aka mayar da su huɗu. Kenan i5 ɗin da ƙanin mijinki ke rainawa ta ninka i7 ɗin a yawan ƙwaya. Za ki ga bambancin ranar da kika buɗe Zoom, ga Excel a gefe, ga shafuka goma a burauza.

Dalili na biyu ya fi na farko nauyi. Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuma Windows 11 a hukumance daga zubi na takwas take karɓa, ko Ryzen 2000 zuwa sama. Na san masu gyara suna da dabarar cusa ta a kan tsofaffin injuna, kuma tana tafiya. Amma ke da kike ajiye makin ɗalibai da bayanan banki, me zai kai ki shiga ta taga alhali ga ƙofa a buɗe?

Abu biyu za ki matsa masa a kai: RAM kar ya gaza giga 8, kuma ya tabbatar SSD ne a ciki, wato ma'ajin bayanai mai sauri, ba had-dis mai juyawa ba. Ya kuma cire caja a gaban mai shago ya zauna rabin awa ya ga yadda batir ke sauka. Da yanayin wutarmu, laftof mai mataccen batir kwamfutar tebur ce kawai da aka yi wa marfi.

Tambaya: Oga, ina da gidan gem a Farin Gada, ina so in ƙara kwamfuta uku. An kawo min AMD FX-8350, an ce ƙwaya takwas ce, kuma da arha sosai. Rabin yini a janareta nake.

Amsa: Maigida, araha ba ta ado. FX-8350 ta fito a 2012, kuma ƙwayoyin nan takwas biyu-biyu aka haɗa su suna raba wasu kayan aiki, kamar 'yan haya takwas da madafi huɗu. Sai da maganar ta kai kotu a Amurka, a 2019 AMD ta amince ta biya dala miliyan 12.1 don a kashe ƙarar. A gem, i5 zubi na huɗu tana yawan shan gabanta.

Kai kuma abin da ya fi shafar ka shi ne mai. An ƙiyasta FX-8350 a kan wat 125, Ryzen 5 2600 kuwa wat 65, ga ƙwaya shida na gaskiya da layi goma sha biyu. Ka ninka wannan bambanci sau uku, ka ninka da awannin da janareta ke kuka, ka haɗa da zafin da ɗakin zai ɗauka idan yara sun cika shi. Abin da ka rage wajen saye za ka kai shi gidan mai da hannunka. Gurbin FX kuma, AM3+, daga kan jerin FX aka rufe shi, babu abin kirki da za ka hau gaba. Na Ryzen, AM4, madabod da yawa suna karɓar Ryzen 5 3600 har da 5600 idan an sabunta musu BIOS, wato 'yar manhajar da ke cikin madabod. In kuɗin uku bai isa ba, sayi biyu masu kyau.

Tambaya: Malam, kwamfutar shagon babanmu i5-3470 ce, da ita muke buga takardu da firintin. Tun shigowar hunturu take nauyi, fanka na ƙara kamar injin niƙa, wani lokacin ta mutu da kanta. Lokacin canza ta ya yi?

Amsa: Bai yi ba, ɗana. Irin taku gare ni a gida, kuma bara ta yi min haka. Har na fara tambayar kuɗin wata, sai na ce bari in buɗe tukuna. Ƙurar hunturu ta dunƙule tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya ta zama kamar bargo, na zaro ta da tsinke falle guda. Da na ɗaga ƙarfen, man da ake shafa wa furosesa ya bushe ya zama ƙanzo, sai da na kankare. Mutanen Jos muna ruɗin kanmu da sanyin gari, muna mantawa iskar da ke kawo sanyin ita ke kawo ƙurar. Furosesa idan ta ji zafi da kanta take rage gudu don kar ta ƙone, in abin ya yi yawa ta kashe kanta. Abin da kuke gani ke nan.

Ku cire ta daga wuta, ku fitar da ita waje, a hure ta da bulowa, amma a riƙe fankar da yatsa kar iska ta juya ta fiye da kima. A goge tsohon man, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, a mayar da ƙarfen a ɗaure kusurwa da kusurwa. In har yanzu had-dis ne a ciki, ku saka SSD ko mai giga 256 ne, ku kai RAM giga 8. Don buga takardu da firintin za ta ƙara muku shekaru. Abin da zan ce kawai, tunda Windows 11 ba ta karɓar ta a hukumance, Baba ya daina shiga asusun banki da ita, ya bar wannan a wayarsa. Kuma ku ɗaga ta daga ƙasa ku ɗora a kan benci, don ƙasan tebur nan ne shara ke taruwa idan an yi share-share da safe.