Ina ƙanƙara ke fitowa ga wannan zafi na Zariya?

Ɗan'uwa, ka tambaya ina ƙanƙara ke fitowa a garin da ake gumi kamar Zariya, da abin da ke haɗa ta da tsawa. Ai zafin ne ma silarta.

Idan rana ta gasa ƙasa a watan Afrilu da Mayu, iska mai ɗauke da danshin tekun Atilantika sai ta tashi sama. Tana hawa tana sanyi, tururin ya koma ɗigon ruwa, hadari ya haɗu. Baƙin hadarin nan da ke taso mana daga gabas, tsawonsa kan wuce kilomita 10, can ƙololuwa kuwa ɗigon daskarewa yake yi. Iskar da ke hawa ta riƙe shi, ruwa na manne masa yana daskarewa, har ya yi nauyi ya faɗo. Yawanci kan narke a hanya ya zama ruwan sama. Manyan ne ke isowa suna ƙwanƙwasa kwanon rufi. Fasa ɗaya ka duba, za ka ga zobe-zobe kamar albasa.

Gogayyar ƙanƙarar a cikin hadari ke tara lantarki, fitarsa ita ce walƙiya. Nan take takan zafafa iska zuwa kusan digiri 30,000, iskar ta buɗe da ƙarfi, shi ne tsawar da kake ji. Haske ya fi ƙara gudu, shi ya sa walƙiya ke riga isowa. Ƙirga tsakaninsu: kowace daƙiƙa 3 kusan kilomita ɗaya ce. In kana iya jin tsawar, don Allah bar gindin bishiya ka shiga ɗaki, hawa dutsen Kufena kuma sai wata rana.