Haɗa tayoyin kamfani biyu a motar lantarki: abin da na gani da idona

Assalamu alaikum. Malam, ka ce tayoyin gaban motarka Hyundai Kona mai lantarki sun cinye, na baya kuwa da sauransu, ba ka samu irinsu a kasuwa ba, kana tambaya ko za ka iya sa na wani kamfani a gaba. Shekara huɗu ke nan ina tuƙa Nissan Leaf, wadda ita ma da ƙafafun gaba take ja kamar taka, kuma na taɓa yin abin da kake shirin yi.

Haɗa kamfani biyu ba laifi ba ne matuƙar na dama da na hagu iri ɗaya ne, wato biyun gaba tagwaye, biyun baya ma tagwaye. Sai dai ina roƙonka kada ka ɗaura sababbin a gaba. Ka sa mai faci ya dawo da tsofaffin na baya zuwa gaba, sababbin su koma baya, ko da ya yi maka gardama, domin yawancinsu sun saba cewa inda injin yake ja nan ya fi buƙatar sabuwar taya.

Ni ma haka na ɗauka a lokacin. Na sa sababbi masu riƙon kwalta sosai a gaba, na bar na baya da zanensu ya kusa rabi, kuma duk tsawon rani ban ga wata matsala ba. Da damina ta sauka, wata safiya na shiga shatale-tale bayan an ɗauke ruwa, na ɗage ƙafa daga totur kamar yadda na saba, sai na ji bayan motar ya sulale gefe, fitilar hana santsi tana ƙyaftawa a gabana. Allah ya tsare, na'urar hana santsin ta kamo motar kafin in taɓa kowa, amma ranar na gane abin da ban lura da shi ba. A motar lantarki, ɗage ƙafa daga totur birki ne, domin injin yana juyawa ya zama janareta yana mayar da wuta cikin batir, kuma a irin motocinmu ƙafafun gaba kaɗai ke ɗaukar wannan birkin. Nauyi sai ya rinjaya gaba, baya ya yi sauƙi, to idan tayar bayan ce mai raunin riƙo, a kwana ita za ta fara saki. Gaba idan ya zame, direba yana ji a sitiyari ya rage gudu, amma baya idan ya zame, kafin mutum ya ankara mota ta juya.

Wajen saye kuma, kada sunan kamfani ya ɗauke maka hankali daga rubutun da ke gefen tayar. Girma dole ya zama daidai da abin da ke takardar da aka manna a jikin ƙofar direba, wanda a Kona mai lantarki ta farko 215/55 R17 ne. Lambar da ke biye da girman ita ce ta nauyi: 94 tana nufin taya ɗaya za ta ɗauki kilo 670, kuma kada ka sauka ƙasa da abin da aka rubuta maka, domin batir ya sa motar ta kusa kilo 1,700. Idan girma ya bambanta, ƙafafun ba za su riƙa juyawa daidai ba, alhali da saurin juyawarsu na'urar ABS, wato mai hana ƙafafu kullewa idan an taka birki, da ta hana santsi suke lissafi.

Ka duba shekarun tayar ma. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke gefen tayar suna nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, misali 1523 mako na 15 ne a 2023. Wannan ya shafi tsofaffin naka: idan sun haura shekara biyar ko shida a zafin nan namu, ko ka ga tsagewa a gefensu, ko zanen ya doshi milimita 1.6, gara ka haƙura ka sauya huɗun gaba ɗaya. Tayar gwanjo kuwa ban ba ka shawararta ba ko kaɗan, musamman waɗanda aka yi domin ƙasashen sanyi.

Akwai abin da za ka rasa. Tayoyin da motar ta zo da su an zaɓe su ne don kada su sha wuta, saboda haka bayan na canza na ga nisan da caji ɗaya yake kai ni ya ɗan ragu, ƙarar kwalta ma ta ƙaru a cikin mota. Na jure wannan, tunda ban biya kuɗin taya huɗu a lokaci guda ba. Tsofaffin da ka mayar gaba za su ƙare da wuri, domin ja da birki duk a kansu suke. Ranar da suka ƙare, ka nemi irin waɗanda ke baya ka saya, ka sake ɗaura sababbin a baya, daga nan ƙafafunka huɗu sun koma kamfani ɗaya.