Kafiretar Camaro Z/28 ta 1969: Ta Asali Ce Ko Jabu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Amurka, ina gyaran wata tsohuwar Camaro Z/28 ta 1969 da na saya babu kafireta. Wani ya kawo mini kafireta ƙirar kamfanin Holley, ya rantse cewa irin wadda aka fito da motar da ita ce, kuma ya tsuga kuɗi. A jikinta an buga 3923289-DZ, sai LIST-4053, ƙarƙashinsu kuma 952. A farantin da ke jikin motar, bayan inji, akwai 03C. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Lambobi biyun farko sun yi daidai. 3923289 lambar da General Motors, uwar kamfanin Chevrolet mai ƙera Camaro, ta ba wannan kafireta ce, 4053 kuwa ta kamfanin Holley ce, kuma ita ake ɗora wa injin 302 na Z/28. Matsalar tana ga ta ukun.

A waɗancan shekarun Holley na buga wa kafiretocin Chevrolet kwanan wata da alamomi uku: shekara, wata, mako. Watanni daga 1 zuwa 9 suke, Oktoba 0, Nuwamba A, Disamba B. Ke nan 952 na nufin 1969, watan Mayu, mako na biyu. Shi kuwa 03C na motarka yana nufin mako na uku na Maris. An kammala motar kusan wata biyu kafin a ƙera wannan kafireta, ɗa kuwa ba ya riga ubansa zuwa duniya. Tana iya zama ta gaske, za ta kuma yi aiki lafiya, amma ba ta dace da motarka ba in gasar tsofaffin motoci kake nufin shiga. Nemi mai 923 ko 931, wato wadda ta riga motar da 'yan makonni.

Da yawa sukan gwada kwanan kafireta da na inji, wanda aka buga a gaban bulo ta gefen fasinja. Ni farantin mota nake fara dubawa, domin injin yakan baro masana'antar ƙera inji da ke garin Flint babu kafireta, sai a wurin haɗa motar, Norwood a Ohayo ko Van Nuys a Kalifoniya, ake ɗora ta. Don haka kada ka tsorata in ta biyo bayan injin da kwanaki kaɗan.

In ka ga alamomi huɗu maimakon uku, ta baya ce, daga cikin waɗanda aka ci gaba da sayarwa a kanti a matsayin kayan gyara.

Yanzu batun jabu. Da zarar abu ya yi tsada, sai masu goge lamba su tashi. Sukan sami Holley mai kama da ita, su kankare wurin lambar, su buga sabuwa, su sake rina ta da ruwan nan mai launin zinariya da ɗan kore-kore. Kai ta cikin rana, ka karkata ta, ka sa gilashin ƙara girma. Bangon da lambar ke kai, a bakin da iska ke shiga wajen murfin cok, ya kamata ya zama da ɗan kaushin zubi irin na sauran jikin. In ya yi sumul kamar an guge shi, ko yatsanka ya ji ɗan kwari, ko ka hango layukan zarto ƙarƙashin rinin, ajiye ta. Gwada kaurin bangon da na ɗaya gefen. Ni ma wadda ta yi ƙyalli fiye da kima ta fi ba ni tsoro. Gara mai dauɗar shekara hamsin da ba a taɓa ba, don dauɗa ba ta ɓoye komai.

Ka tuna lambar gangar jiki kawai take yi wa shaida. Holley gunduwa-gunduwa ce, kusoshi ne suka haɗa ta: tukwanen fetur biyu, faranta biyu masu raba mai, da gindin alminiyom mai ɗauke da murafun totur. Bakanike na iya musanya kowanne cikin rabin awa, kuma 'yan tsere sun yi ta yin haka. Farantan raba man suna da nasu lambobin a gefen sama, a duba su da littafin Holley. Ita 4053 iskar da inji ke zuƙa ce ke buɗe mata murafun totur na baya, don haka dole ka ga wani ɗan tulun ƙarfe mai roba a ciki a gefenta, wanda ke wannan aikin. In famfon fesa mai biyu ka gani, an yi mata haɗe-haɗe.

Maganar rantsuwar mai sayarwa kuma, ba a buga lambar shasin mota a jikin kafireta. Babu wanda zai iya tabbatar maka cewa wata kafireta ita ce ainihin ta motarka, sai in akwai takardu ko tsofaffin hotuna da ke nuna ba ta taɓa barin injin ba. Iyakar abin da lambobi ke iya cewa shi ne irinta ce, kuma lokacinta ya yi daidai. Wannan ta cika na farko, ta faɗi na biyu. In hawa kawai za ka riƙa yi, taya ta a kuɗin kafireta mai aiki, ka bar ta Mayu ta jira mai motar Yuni.